Iƙamata da Karafan Tanuma

Shafi na 23

Salamu alaikum 'yan zauren nan.

Na ji saƙonninku. Kabira ta karanta min duka, har na wadda ta ce in ji tsoron Allah in bar yaro ya huta. Yaro. Shekararsa talatin da takwas, da furfura a gemu. Ke ma Allah ya ba ki irinsa, sai mu ji bakinki.

Kwana tara ban turo komai ba. Ba ciwo na yi ba, bakina ne ya ƙi buɗewa. Yau ya buɗe. Ni nake faɗa, Kabira maƙwabciyata take danna waya kamar kullum, don ni ko alif ban sani ba.

Waɗanda suka shigo jiya-jiya, ga shi a taƙaice, ba zan sake maimaitawa ba. Ni ce Kaltume. Ni na haifi Abdulilah a ɗakin langa-langa a saman dutsen Nakkasa, a nan Makka. Ni da ubansa Dauda ba mu da takarda ko ta ƙunshe gyaɗa. Yana da kwana arba'in aka kai shi Tandabawi, Munzali ɗan baffan Dauda ya sa shi a katin iyalinsa. Shi da matarsa Ummulkhairi suka zama iyayensa a wurin hukuma, ni na zama Dada mai reno. Dauda ya rasu, Munzali ya rasu, Ummulkhairi ta rasu. Saura ni da shi.

Abu ɗaya nake nema. Ya faɗa wa matarsa Dalal ni ce uwarsa. Ban ce kotu ba, ban ce hukuma ba. Matarsa, a cikin ɗakinsa.

Ya ce in bari sai mun je Tanuma, can kudu, inda ruwa yake zubowa daga kan dutse. A can zai faɗa mata, hankali kwance. Na yarda.

To ranar Juma'a bayan la'asar aka kawo motar da za mu tafi a ciki, ya ce in zo in gani. Na hau tasi daga Kudai.

Karafan suke ce mata. Mota ce amma ɗaki ce. Da gado, da murhu, da firji, har da banɗaki, ɗan mitsitsi, in ka zauna gwiwarka tana taɓa ƙofa. Ɗakin da nake haya tun da aka rushe mana Nakkasa bai kama ƙafarta ba.

Ni kuwa na shirya tun tuni. Na sayi abaya sabuwa. Na sayi takalmin roba don an ce duwatsun wurin da santsi. Shekara hamsin da ɗaya ina Makka, ruwan da na sani shi ne na jarka, wanda na riƙa hawa matattakala da shi a ka har wuyana ya karkace. Ban taɓa ganin ruwa yana zuba haka kawai babu layi a gabansa ba.

Na tarar da su huɗu a ƙofar gida. Abdulilah, Dalal, uwar Dalal da ake kira Umm Talal, da mai motar, wani dogo baƙi mai suna Nasir.

Dalal tana riƙe da waya tana karanto tsari.

"Laraba bayan asuba mu fita. Mu hau dutsen Hada kafin rana ta yi zafi, mu karya a Ɗa'if, mu kwana a Baha. Washegari Namas, sai Tanuma."

"Hada da wannan babbar?" in ji Nasir. "A'a. Ku bi ta Sel. Ta fi nisa amma ba ta da kwana-kwana. Kuma in hazo ya sauko muku bayan Baha, ku nemi wuri ku tsaya, kar ku ce za ku yi jarumta."

"Birai fa?" in ji Umm Talal. "An ce hanyar duk birai ne. Suna shiga?"

"In kin bar taga a buɗe, ya khala, har shayi za su haɗa."

Ba ta yi dariya ba. Matar nan ban taɓa ganin haƙorinta ba sai a hoto.

Ya nuna musu tankin ruwa, ya ce na kwana biyu ne in ba a yi wanka irin na gida ba. Ya nuna inda ake sa tukunyar gas. Ya ce bana an yi ruwan sama sosai a kudu, za mu samu ruwan Dahna, wanda za mu je gani, da ƙarfinsa. Dalal ta juyo min da waya, na ga farin abu yana gangarowa daga baƙin dutse, mutane ƙanana a ƙasa.

"Kin gani, Dada? A nan za ki gasa mana tsire. Kar ki manta yajinki."

Na ce ba zan manta ba.

Sai Nasir ya tsaya ya ƙura min ido. Ya juya harshe zuwa Hausa.

"Hajja, ba ke ce mai gyaɗa da tsire a bakin matattakalar Nakkasa ba?"

"Ni ce. Kai ɗan wa?"

"Ɗan Hajja Manal."

"La'ilaha. Mai kunnen nan? Kai ne ɓarawon ƙuli-ƙulina."

"Hajja, ai na tuba tun kafin in yi gemu."

"Uwarka fa?"

"Ta rasu shekarar da aka rushe layinmu."

Na yi mata addu'a. Hajja Manal ita ta yanke wa Abdulilah cibiya. Na saci kallonsa. Ya sunkuya a kan wayarsa kamar mutumin da bai taɓa jin Hausa ba. Haka yake yi a gaban surukansa.

"Ku yi magana da abin da mutane ke ji," in ji Umm Talal.

Muka shiga ciki ana rabon wurin kwana. Babban gadon baya na Dalal da mijinta. Na sama na 'yan matansu biyu, Manar da Shahad, ran nan suna gidan kawunsu. Teburin cin abinci ana kwantar da shi ya zama gado, wannan na Umm Talal.

"Hajja kuma?" in ji Nasir.

"Mun saya mata katifa," in ji Dalal. Ta nuna ƙasa da yatsan ƙafa, tsakanin murhu da ƙofar banɗaki. "Nan. In ta tashi haɗa shayin asuba ba sai ta tsallake kowa ba."

"Amma duk mai shiga banɗaki sai ya tsallake ta."

"Ai siririya ce," in ji Umm Talal.

Na auna wurin da ido. Zai ɗauke ni in na lanƙwashe ƙafa. Ban ji komai ba. Na ce a raina a tafiya ne kawai, a dawowa ba nan zan kwanta ba.

Muka fito. Nasir ya ce masu inshora suna son sunan duk wanda zai shiga motar, kowa ya kawo katinsa. Suka miƙa nasu. Na juya baya na ɓalle fil, na zaro jakar tsumma da nake ajiye iƙamata, katin zamana a ƙasar nan.

Shekara goma sha ɗaya da Abdulilah ya yi min ita. Ranar da ya kawo na ce karanta min abin da aka rubuta. Ya ce an rubuta ke uwata ce ta nono. Na ce ba komai, akwai uwa a ciki dai. Ban taɓa barin ta kwana nesa da fatata ba.

Nasir yana shigarwa a wayarsa yana karantawa ƙasa-ƙasa. Suna. Lamba. Ƙasa, Chadi.

"Sana'a…"

Ya tsaya. Ya kalli katin. Ya kalli Abdulilah.

"Amila manziliyya," in ji Dalal. "Kafil ɗinta, wanda take ƙarƙashinsa, mijina ne. Rubuta mana, magariba ta kusa."

Larabci ba ya ɓoye min. Amila manziliyya, 'yar aikin gida. Shaggala.

Na ji ƙarar firjin motar daga inda nake tsaye. Na ga wata kyanwa ta shige ƙarƙashin taya. Nasir ya miƙo min katin da hannu biyu, na karɓa, na mayar cikin jaka, na maƙala fil yadda na saba.

Da na dawo gida na tambayi Kabira ko ta taɓa karantawa. Ta ce ta gani tun ranar da ta raka ni asibiti, shekara shida ke nan. Rubuta wannan ma, Kabira. Rubuta kin sani kika yi shiru. Ko ta rubuta ko ba ta rubuta ba, ni ba iya dubawa zan yi ba.

Mu koma ƙofar gidan.

Na ce, "Abdulilah, zo ka nuna min yadda ake kunna murhun nan."

Ya biyo ni ciki. Na ja ƙofa na rufe.

"Dada, ba yanzu ba."

"Me aka rubuta?"

"Kin ji."

"A bakin matarka na ji. A naka nake so."

Ya zauna a bakin teburin. Da Larabci yake magana, ni ina mayar masa da Hausa. Haka muke tun yana ɗan makaranta.

"Babu gurbin uwar nono a wurinsu. Na nema, wallahi na nema. Kin manta shekarar? Kame ake ko'ina. Rabin layinku aka kwashe aka kai tarhil, inda ake korar baƙi. Ko wannan, ko a sa ki a jirgi a mayar da ke ƙasar da kika bari kina 'yar shekara goma sha biyu. Wa kike da shi a can?"

"Ba ni da kowa."

"To?"

"To me ya sa ka ce min uwar nono?"

"Don hankalinki ya kwanta."

"Ya kwanta kuwa. Na kai katin nan Harami na ɗaga shi a gaban Ka'aba, na ce Allah ka gani, ɗana ya rubuta ni. Ashe shaggala nake nuna wa Allah."

"Dada."

"Da ka faɗa min gaskiya da na karɓa. Ni da na ba da kai kana kwana arba'in, nonona yana zuba a riga, kati ne zai gagare ni?"

Ya miƙa hannu yana murɗa makunnin murhu. Tik tik tik. Wuta ba ta kama ba.

Na ce, "Bar shi. Takarda ce, ta hukuma ce, ba da ita zan shiga kabari ba. Na haƙura da wannan. A Tanuma dai za ka faɗa wa Dalal. Ka yi alkawari."

Tik tik tik.

"Cire hannunka daga abin mutane ka amsa min."

"Ta sani."

"Wa?"

"Dalal. Ta sani."

Na dafa firji. Sanyi ne da shi.

"Tun yaushe?"

"Tun Ummi tana asibiti."

Ummulkhairi yake nufi. Ita yake ce wa Ummi.

"Ta kira Dalal ta riƙe hannunta ta faɗa mata komai. Ta ce ba za ta tafi da nauyin ba."

"Shekara uku ke nan."

"Eh."

"Shekara uku tana ce min Dada kawo, Dada ɗauke."

"Ta ce a bar shi yadda yake. Kuma tana da gaskiya. In uwarta ta ji, ɗanta Talal ya ji. In Talal ya ji, kowa ya ji. Ƙarya ce a takardar hukuma, kin san hukuncinta. Aikina zai tafi, katina zai tafi. Na yaran ma a kan nawa yake. Manar da Shahad, a ƙasar da aka haife su, za su koma kamar…"

"Kamar ni. Ƙarasa."

Bai ƙarasa ba.

"To Tanuma fa? Me za ka faɗa a can?"

"Na so ki ga ruwan. Kin daɗe kina cewa kina son gani."

"Ba shi na tambaye ka ba."

Ya shafa fuska da hannu biyu.

"Zan kira ku gefe, ke da ita. In faɗa mata a gabanki. Ta yi kamar yanzu ta ji, ta sumbaci kanki. Shi ke nan, ki samu natsuwa, mu dawo gida. Haka muka shirya."

"Kuka shirya."

"Don ke muka yi."

"Za ta yi kuka ma, ko ba ku kai nan a shirin ba?"

"Dada, haram alaiki."

Katifar tana jingine a jikin ƙofar banɗaki, ko ledarta ba a cire ba. Mai shuɗi da furanni. Na taɓa ta. Ba ta kai kaurin tafin hannu ba.

"Da saninta ta sayi wannan."

"Wuri ne babu."

"Uwarta ta samu wuri."

Ku da kuke bin labarin nan tun farko kun san bakina. Ni ce na tsaya gaban mai katafila ranar rusau na zage shi har ya kashe injin. Na jira ihun ya zo. Na buɗe baki ma. Babu abin da ya fito. Cikina ya zama kamar ɗakin da aka kwashe kaya.

Sai na ga ƙafata tana tafiya.

Motar nan daga ɗakin ana wucewa kai tsaye zuwa wurin direba, babu ƙofa. Kujeru biyu ne a gaba. Na wuce na zauna a ta dama.

Kowa a ƙasar nan ya san kujerar wa ce. In ɗa yana tuƙi uwarsa tana cikin mota, matarsa baya take komawa, ko 'yar waye. Na ga an yi wa matan da ba su kai ni wahala ba. Na jawo bel, ya ƙi, na sake jawowa, ya shiga ya ce ƙas.

Tagar a buɗe take. Umm Talal ce ta fara ganina.

"Dada! Esh hada, mene ne haka? Wurina ne nan, ni da jiri ke ɗiba a hanyar dutse. Sauko."

Na kalli gaba. Gilashin babba ne, ana ganin titi har ƙarshensa.

"Ba ta ji ne? Dalal, shaggalarku ta fara rikicewa. Na faɗa muku tsufa ya kama ta, ku mayar da ita ku kawo yarinya."

Dalal ta matso jikin taga. Fuskarta ta yi fari fat. Ta kalli bel ɗin, ta kalle ni, ta gane.

"Dada habibti, sauko mu shiga ciki mu sha shayi."

"Ke kin san abin da ya zaunar da ni. Yi shiru."

Da Larabci na faɗa, kuma ban rage murya ba.

"Ta san me?" in ji Umm Talal. "Me kika sani, Dalal? Abdulilah! Fito ka ga abin da ake yi wa matarka a ƙofar gidanka!"

Na ji ya buɗe ƙofar baya ya sauka. Ya zagayo. Ya buɗe tawa. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ya sunkuyo har ina jin numfashinsa, ya yi ƙasa da murya, ya yi Hausa.

"Inna. Don Allah don Annabi ki sauko. Ki tuna Manar da Shahad."

Shekara talatin da takwas. Na ɗauka ranar da na ji kalmar nan daga bakinsa zan faɗi sumammiya. Ban faɗi ba. Na lura dai harshensa ya yi nauyi a kanta, kamar mai ɗanɗana abincin da bai sani ba.

Kuma na tuna su. Kar wata ta zo ta ce min ban tuna ba. Ni na yi musu kitso ranar Talata, Shahad ta yi barci a cinyata kafin in gama. Na san abin da kalma ɗaya za ta yi musu. Na sani sarai.

Na ce, "Maimaita da Larabci."

Bai motsa ba. Hannunsa yana kan ƙofa.

Umm Talal ta kalle shi, ta kalle ni. Ta daɗe tana kallon fuskokinmu, tawa da tasa, kusa da juna haka. Sannan ta juya a hankali.

"Ya Nasir. Kai kana jin yarensu. Me ya kira ta yanzu?"

Nasir ya sauke wayarsa. Bai kalli Abdulilah ba.

Ni ya kalla.